Na haska wata da bindigar auna zafi ta ba ni -23, to ina digiri 120 ɗin da ake faɗa?

Mai Gyaran AC: Assalamu alaikum 'yan gida. Dan Allah masu ilimi a warware min wani abu don ya tsaya min a rai. Jiya da daddare wata ya cika sha huɗu, an ɗauke wuta, ina zaune a tsakar gida sai na tuna bindigar auna zafi tana cikin jakar aiki, wannan da muke haska kwamfureso da bututun gas da ita, mai fitar da jan ɗigo. Na ce bari in gwada wata. Na saita shi sosai na danna, ta rubuta -23. Na haska ƙasa ta ce 19, bango 22. To ni a rediyo na ji an ce saman wata in rana ta buɗe masa zafinsa ya wuce na tafasasshen ruwa, wai har digiri 120. Wanne ne gaskiya? Kuma ma wa ya je ya ɗora ma'auni a kai? Mu dai tun muna yara mun san hasken farin wata sanyi gare shi.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Hhhh kai taka ma ta yi ƙoƙari da ta ba ka lamba. Irin tamu ta asibiti da muka yi ta haska goshin mutane da ita lokacin korona in ka ɗaga ta sama Lo kawai take rubutawa ta yi shiru, don ita daga wajen 32 zuwa 43 aka koya mata.

Sai Na Gani: Yauwa Mai AC, Allah ya yi maka albarka. Ka ga abin da nake faɗa kullum a gidan nan ana ce min mai gardama. Kai da hannunka ka auna ka ga sanyi, su kuma suna zaune a Amurka suna rubuta mana lambobi muna haddacewa.

Malamin Fiziks: Wa alaikumus salam. Maigida bindigarka ba ta yi ƙarya ba, sai dai ba wata ta auna ba, sama ta auna. Ɗauko ta ka duba gefenta, yawancin irin naku za ka ga an rubuta 12:1. Ma'anarsa in kana nesa da abu mita 12, da'irar da take kallo faɗinta mita 1 ne, kuma duk abin da ya shigo cikin da'irar nan haɗa shi take yi ta ba ka lamba ɗaya. Jan ɗigon nan don saiti ne kawai, ba shi ke aunawa ba. To yanzu wata yana nesa da mu wajen kilomita 384,400, raba da 12 za ka samu da'ira mai faɗin kusan kilomita 32,000, shi kuwa wata gaba ɗaya faɗinsa kilomita 3,474 ne. In ka lissafa fili, wata wajen kashi 1 cikin 100 ne kawai na abin da bindigar ke kallo, sauran kashi 99 duk sararin sama ne, kuma sama in ta yi garau ba gajimare ba danshi, irin na hunturun nan, sanyi ƙarara take nunawa. Yau da daddare ka gwada, ka haska wata, sannan ka karkata kaɗan gefe inda babu wata amma tsayinsu ɗaya a sama, za ka ga lambar kusan ba ta motsa ba.

Mai Gyaran AC: Na duba Malam, 12:1 ɗin ne kuwa. Toh amma tambayata ta biyu tana nan, su da me suka auna?

Malamin Fiziks: Da irin dabarar da ke cikin bindigarka, sai dai su sun ɗora ta a bayan babban madubin hangen nesa wanda zai matse da'irar ta koma ƙarama har ta faɗa kan wuri guda a jikin wata. Duk wani abu mai ɗumi yana fitar da haske, jikinka, bango, ƙasa, sai dai hasken da ido ba ya gani ne, shi ake kira infirared. Yawan abin da yake fitarwa kuma yana bin zafinsa da tsananin gaske, in zafi ya ninka biyu a ma'aunin Kelbin, wanda ke fara ƙirge daga ƙarshen sanyi wato -273, hasken sau 16 yake ninkawa. Shi ya sa kake sanin zafin kwamfureso ba ka taɓa shi ba, kuma nisa ba ya ɓata lissafin muddin abin ya cika idon na'urar.

Ɗaliba daga Zariya: Malam bari in ɗan sa baki da tarihin, don mun taɓa shi a aji. William Herschel ne ya fara gano hasken nan a 1800, ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku ya zama launukan bakan gizo, ya jera ma'aunan zafi a kan kowane launi, sai ya ga wanda ya ajiye gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai, ya fi sauran hawa. Amma na wata ya ba mutane wahala sosai saboda rauninsa, hasken cikakken wata ya gaza na rana kusan sau 400,000. Sai a 1846 wani ɗan Italiya Macedonio Melloni ya iya jin ɗuminsa a kan dutsen Vesuvius da ƙaton gilashi mai tattara haske, sannan a 1856 Charles Piazzi Smyth ya hau tsaunin tsibirin Tenerife ya sake aunawa, ya ce ɗumin bai kai na kyandir guda da aka ajiye ƙafa 15 nesa ba. Wato ɗumi ne ba sanyi ba, amma ɗan mitsitsi ne da fatar mutum ba za ta taɓa jin sa ba.

Sai Na Gani: Ƙanwata ki bar haddar aji. Akwai bidiyo da yawa, kowa na iya gwadawa, a ajiye ma'aunin zafi biyu, ɗaya cikin farin wata ɗaya a inuwa, na cikin farin watan ya fi sanyi. Na gani da idona. Wannan kuma Herschel ɗin zai ce me?

Ɗaliba daga Zariya: Yaya gaskiya ne ya fi sanyi, ban musa ba. Amma ka maimaita gwajin a daren 29 ga wata lokacin da babu ko ɗigon farin wata, ka ajiye ɗaya a fili ɗaya ƙarƙashin rumfa, za ka samu bambancin nan dai yana nan. Na fili yana zubar da ɗuminsa zuwa sama, sama kuma ba ta mayar masa da abin kirki, ai ita ce Mai AC ya auna ya ga -23. Na ƙarƙashin rumfa kuwa rumfar tana mayar masa da ɗumi. Shi ya sa raɓa take sauka a kan motar da ta kwana a fili ba ta sauka kan wadda ke cikin rumfa. Kuma daren da ka fi ganin farin wata tas shi ne daren da babu gajimare, wanda shi ne daren da ƙasa ta fi saurin hucewa, abin da ya sa mutane suka haɗa su kenan.

Sai Na Gani: Sai na gwada tukuna.

Baba Tsohon Safiyo: Salamu alaikum yarana. Ina bin ku a hankali. Malam akwai inda ban gane ba. An ce hasken wata aro ne daga rana, to in na'ura ta ji ɗumi daga wajen wata, ta yaya za a san ba ɗumin rana ne kawai ya daki wata ya dawo mana ba? Mu a aikin awon ƙasa in ba ka raba abu biyu da suka cakuɗe ba, duk lambar da ka rubuta shirme ce.

Malamin Fiziks: Baba ranka ya daɗe, ka taɓo ainihin inda wahalar take. Abu biyu ne ke zuwa daga wata a tare. Akwai hasken rana da ya daka ya dawo, wannan kusan kashi 12 cikin 100 ne kacal don ƙasar wata baƙa-baƙa ce, duhun dare ne yake sa mu ga ta yi fari. Sauran kashi 88 ƙasar ta shanye, ta yi zafi, sannan ta fitar da shi a matsayin nata infirared ɗin. Sa'ar da aka yi ita ce zangonsu, wato tsawon igiyar haskensu, ba ɗaya ba ne. Na rana gajere ne, ya fi ƙarfi a wajen rabin maikuron (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), na ƙasar wata mai zafi kuma dogo ne, ya fi ƙarfi a wajen maikuron 7 zuwa 8. Gilashi na yau da kullum yana barin gajeren ya wuce amma yana tare dogon. To sai a auna sau biyu, sau ɗaya ido buɗe, sau ɗaya da farantin gilashi a gaba, a debe wannan daga wancan, abin da ya rage shi ne ɗumin wata na kansa. Lord Rosse na huɗu ya yi haka a gidansu na Birr a ƙasar Ailan tun wajen 1869, da madubi mai faɗin ƙafa 3 da wasu siraran wayoyi na ƙarfe iri biyu da aka haɗa bakinsu, in ɗumi ya taɓa mahaɗar sai 'yar wutar lantarki ta taso allura ta motsa. Mai AC in ka haska bindigarka ta cikin gilashin taga zuwa ga murhu za ka ga zafin gilashin take ba ka ba na murhun ba, dalilin kenan.

Mai Gyaran AC: Wlh haka ne, in na haska firjin shago mai ƙofar gilashi ba ta ganin kwalaben ciki, sai na buɗe.

Ɗan Maraɗi: Sannunku da muhawara. Ni abin da nake so in sani, mi ya sa kullum sai an hau dutse? Ɗaya Vesuvius, ɗaya Tenerife. Ai mita dubu biyu ko ukku ba komi ba ne cikin tafiyar kilomita dubu ɗari ukku da wani abu. Kuma mu nan da muke da busasshiyar iska ba za a iya yi wurinmu ba?

Malamin Fiziks: Ɗan'uwa ba don a kusanci wata ba ne, don a gudu daga iska ne. Tururin ruwa da iskar kabon da ke sama da mu suna shanye yawancin infirared, 'yan tagogi kawai suka bari, babbar cikinsu daga maikuron 8 zuwa 14, kuma ita ce tagar da bindigar Mai AC take amfani da ita. Yawancin tururin yana ƙasa-ƙasa, in ka hau sama ka bar shi a baya, shi ya sa NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta kafa madubinta na infirared mai mita 3 a kan Mauna Kea a Hawai, sama da mita 4,000. Bushewar iskarku abu ne mai kyau ga wannan aiki, matsalar ita ce lokacin da iska ta fi bushewa shi ne lokacin hazo, ƙurar kuma tana da nata ɗumin da take fitarwa tana kuma zama a kan madubi.

Ɗaliba daga Zariya: Kuma Yaya Sai Na Gani zai ji daɗin wannan, akwai babban masani da ya taɓa tsayawa kusa da ra'ayinsa. Samuel Langley, wanda ya ƙirƙiro bolomita a Allegheny ta Amurka wajen 1880, na'urar da aka ce tana jin ɗumin saniya daga nisan kwatan mil, ya shafe shekara da shekaru yana auna wata ya yanke cewa ko inda rana ke duka zafinsa bai wuce kusa da daskarewar ruwa ba. Abokin aikinsa Frank Very ne daga baya a 1898 ya sake lissafi ya nuna abin ya kai tafasar ruwa. Na'urar lafiyarta ƙalau, ƙiyasin abin da iska ta cinye a hanya ne ya yi wuya. Wani abin mamaki kuma, da waɗannan awon watan na Langley ne Svante Arrhenius ɗan Suwidin ya yi amfani a 1896 ya lissafa yadda iskar kabon ke riƙe zafin duniya, ya ce in ta ninka biyu zafi zai ƙaru da digiri 5 zuwa 6. Saboda in wata yana ƙasa-ƙasa haskensa iska mai kauri yake ratsowa, in yana tsakiyar sama siririya, daga bambancin sai ka san nawa iskar ke ci.

Sai Na Gani: Kun ji ko! Su kansu ba su daidaita ba, ɗaya ya ce ƙanƙara ɗaya ya ce tafasa. Gobe wani zai zo ya ce wani abu daban. Ni har yanzu ban yarda an je watan ba balle a auna shi.

Malamin Fiziks: Ɗan'uwa ajiye maganar zuwa wata a gefe, lambar nan ta girmi saukar Apollo, kumbon da ya kai mutane wata, da shekara kusan 40, ta girmi NASA ma kanta da aka kafa a 1958. Edison Pettit da Seth Nicholson ne suka yi awon da ya zauna, a Mount Wilson ta Kalifoniya da madubi mai inci 100, suka buga a 1930. Mahaɗar wayoyinsu ƙarama ce ƙwarai, a cikin kwalbar da aka zuƙe wa iska, suna iya ɗora ta a kan yanki guda na wata. Sun samu wajen digiri 134 a tsakiyar cikakken wata inda rana take tsaka, da wajen -153 a ɓangaren dare. Awon zamani ya sauko da na ranar zuwa wajen 120, na dare kuma ya ƙara yin ƙasa. Kuma kai ma za ka iya bincikawa da kalkuletar wayarka ba sai ka yarda da kowa ba. Rana tana zuba wat 1,361 a kan kowace murabba'in mita a nisanmu, cire kashi 12 da ya dawo, saura kusan 1,200. Tambayi kanka wane zafi abu zai kai kafin ya riƙa fitar da wat 1,200 a murabba'in mita, lissafin yana ba ka wajen Kelbin 381, wato digiri 108, in ka gyara don ƙasar ba ta fitarwa ɗari bisa ɗari sai ya ɗan ƙara hawa. Babu iska da za ta kwashe zafin, babu gajimare, kuma yini guda ɗaya a saman wata kusan kwana 14 ne namu.

Amma abin da ya fi burge ni a aikinsu ba wannan ba ne, husufi ne. A watan Yunin 1927 aka yi husufin wata, suka kafa na'urarsu a kan wuri guda suna kallo inuwar duniya tana rufe shi. Kafin inuwar ta wuce zafin wurin ya faɗi da fiye da digiri 150, kuma yawancin faɗuwar a cikin kusan awa guda ta faru, da rana ta dawo kuma nan take ya sake hawa. Ku tsaya ku yi tunani. Kun san yadda yashin tsakar gida yake ƙona ƙafa da azahar amma bayan magariba ya yi sanyi, alhali bangon siminti har tsakar dare yana turo zafi cikin ɗaki a watan Afrilu. Da saman wata falalen dutse ne da ba zai huce haka da sauri ba, don zafin da ya shiga ciki zai riƙa dawowa sama yana cike gurbi. Tunda ya huce farat ɗaya, ashe zafin a fatar sama kawai yake, abin da ke ƙasa ba ya karɓa ba ya bayarwa. A 1948 wani masani ɗan Holan, Wesselink, ya zauna da lambobin husufi ya ce lallai saman wata garin ƙura ne mai laushi, babu iska a tsakanin ƙwayoyinsa da za ta kai zafi daga wannan zuwa wancan. Shekara 21 kafin ƙafar mutum ta taka ta bar sawu a cikin ƙurar.

Baba Tsohon Safiyo: Ikon Allah. Wato daga saurin hucewa aka gane irin ƙasar. To Malam ko'ina a jikin watan haka yake hucewa daidai wa daida?

Malamin Fiziks: A'a Baba, kuma nan ne nahiyarmu ta shigo labarin. A husufin 1960 aka lura ramin nan Tycho, wanda in wata ya cika kake ganin fararen layuka sun fita daga gare shi ta kudu, ya ƙi hucewa kamar maƙwabtansa. Sai a husufin 19 ga Disamba 1964 wasu masana biyu, Shorthill da Saari, suka tafi Masar, suka yi amfani da madubin Kottamia mai inci 74 da ke hamadar gabashin Alƙahira, suka share fuskar wata layi bayan layi yana cikin inuwa. Taswirar da ta fito cike take da ɗaruruwan ɗigogi masu ɗumi. Ba wuta ce a ciki ba, sababbin ramuka ne da duwatsunsu ke a fili ƙura ba ta gama binne su ba tukuna, dutse kuma yana riƙe zafi. Tycho faɗinsa kilomita 85, shekarunsa wajen miliyan 108, wanda a lissafin wata yaro ne. Har yau da wannan dabarar ake gane inda duwatsu suka yi yawa kafin a zaɓi wurin saukar kumbo.

Maman Ilham: Kai, da na san haka da husufin 27 ga Yulin 2018 da muka tsaya kallo bayan an idar da sallar husufi na kalle shi da wani ido. Yara na ta buga gwangwani a layinmu ashe shi yana can yana daskarewa.

Ɗan Maraɗi: Malam to yanzu da wace na'ura ake yi? Ko James Webb, madubin hangen nesan nan na sararin samaniya da ake ta zance?

Ɗaliba daga Zariya: Webb ba ya kallon wata sam, an yi masa laima ne musamman don ta tare masa rana da duniya da wata gaba ɗaya, idonsa na abubuwa masu rauni ne na nesa. Mai aikin wata shi ne Diviner, na'ura mai tashoshi 9 a jikin kumbon NASA mai suna LRO da aka harba a watan Yunin 2009, yana zagaya wata yana auna kowane yanki a sa'o'i daban-daban na yini da dare. A tsakiyar wata ya samu kusan 120 da rana tsaka, kafin fitowar rana kuma wajen -178. Amma abin da ya girgiza mutane ƙuryoyin ne. Wata bai karkata ba sai da digiri 1.5 kawai, don haka a ƙuryar arewa da ta kudu rana kullum a gefen sama take, akwai ramukan da gindinsu bai ga rana ba tun shekaru aru-aru. A ramin Hermite na arewa Diviner ya auna wajen -247, ya fi saman Pluto sanyi. A irin wannan sanyin ƙanƙara ba ta gudu, kuma a watan Oktoban 2009 aka tunkuɗa gangar roka cikin ramin Cabeus na kudu aka ga ruwa a cikin ƙurar da ta tashi. Waɗannan wuraren ba yadda za a yi a auna su daga duniya, ba ma ganin cikinsu, kuma abu mai sanyi haka haskensa dogon zango ne da iskarmu ke tarewa.

Sai Na Gani: Duk dai NASA, NASA.

Ɗan Maraɗi: Haba malam, ai Sin da Indiya ba NASA ba ne. Chang'e 4 na Sin ya sauka bayan wata a Janairun 2019 ya kwana can ya auna -190 da dare, mun ji shi a labarai. In ƙarya ce ai su za su fara tona ta.

Mai Gyaran AC: To ga wani ruɗanin kuma, tunda an ambaci Indiya. Lokacin da Chandrayaan-3 ya sauka a Agustan 2023 na ga an yi ta yawo da wani zane ana cewa saman wata digiri 50 da wani abu ne. Yanzu kuma 120. Malam wa za mu bi?

Malamin Fiziks: Duka biyun maigida, don ba wuri ɗaya ba ne. Shi Chandrayaan-3 can kudu ya sauka wajen digiri 69 daga tsakiya, inda rana ke zuwa a karkace, 120 ɗin kuwa na tsakiyar wata ne da rana tsaka. Ko gangaren ƙasa kaɗan yana canja lambar sosai a can, gefen da ya fuskanci rana da wanda ya juya mata baya, taku kaɗan tsakaninsu, sai ka ga bambanci mai yawa tunda babu iskar da za ta gauraya su. Kuma nasu ba infirared ba ne, tsinke ne mai ma'aunai 10 da aka soka cikin ƙasa har santimita 10. Abin lura a zanen nan ba 50 ɗin sama ba ne, na ƙasan ne, a zurfin santimita 8 kacal ya koma wajen -10. Tsawon yatsa guda, bambancin digiri 60. Wannan shi ne abin da Wesselink ya faɗa daga husufi, yanzu an taɓa da hannu. 'Yan Apollo 15 da 17 ma sun haƙa rami sun zura ma'aunai a 1971 da 1972, suka ga daga zurfin kusan mita guda zafi ba ya motsi dare da rana, yana nan wajen -20. Na Apollo 16 bai yi aiki ba don ɗan sama jannati John Young ya harɗe da wayar ma'aunin ya tsinke ta.

Maman Ilham: Allah sarki, an kai kaya har wata ƙafa ta tsinke waya. Na gaba dai ya ji kunya a ranar.

Baba Tsohon Safiyo: Kenan wanda zai zauna a can ƙarƙashin ƙasa zai yi ɗaki.

Ɗaliba daga Zariya: Haka ake tunani Baba. A 2022 ma masu nazarin bayanan Diviner sun ce akwai wani rami mai zurfi kamar rijiya a yankin da ake kira Tekun Natsuwa, inda inuwar cikinsa take zama wajen digiri 17 ba ta cika canjawa ba.

Mai Gyaran AC: 17 ai ko rimot ɗin AC daga 16 yake farawa, can babu kasuwarmu kenan. Malam tambaya ta ƙarshe, akwai wani yaro a unguwarmu da yake da ɗan madubin hangen nesa, in na kafa bindigata a bakin inda ake sa ido zan samu 120 ɗin?

Malamin Fiziks: Ya danganta da irinsa. In dogon nan ne mai gilashi a gaba, ba za ka samu komai ba, gilashin zai tare, zafin gilashin kawai za ka karanta. Shi ya sa kyamarorin zafi suke da tsada, idonsu da wani ma'adini mai suna jamaniyam ake yi ba gilashi ba. In kuwa mai buɗaɗɗen baki ne da madubi a gindi, wanda aka shafa wa alminiyam a fuska, wannan yana mayar da infirared sosai. Sai ka zare ɗan gilashin ido gaba ɗaya ka kafa bakin bindigar a ramin, ka saita wata ya cika, ka karanta, ka ɗan ture madubin gefe ka sake karantawa. Ya kamata ka ga lambar tana tsalle sama duk lokacin da wata ya shigo. 120 dai kada ka sa rai, iska ta ci rabonta a hanya, bindigar tana hango jikin bututun shi ma, kuma ita an saita ta ne don abu na kusa. Kafin ka mayar da tsallen nan digiri sai ka auna wani abu da ka san zafinsa ta cikin madubin nan dai, kamar tukunyar ruwan zafi a can nesa, ka kuma san yawan danshin daren. Ka bari sai sha huɗun wata mai zuwa wajen tsakar dare lokacin da ya hau tsakiyar sama, in hazo bai sauko ba.

Sai Na Gani: A kira ni ranar, zan zo da nawa ma'aunan guda biyu.

Mai Gyaran AC: Ka zo da shayi ma. Bari in je in duba na yaron ko mai madubi ne.